Na Kai Magani Masar

Bari in tona wa kaina asiri kafin 'yan kara, wato kasuwar shanunmu, su riga ni, don na san su, bakinsu ba ya riƙe ruwa. Ni ne mutumin da ya tashi daga Potiskum ya tafi Masar neman magani, amma ya tafi da nasa maganin a ƙulle cikin garin kuka. Mai kai ruwa rafi ma ya fi ni hankali, shi aƙalla ruwansa ba ya ɓata rafin.

Karatuna aji uku na firamare ya tsaya, ranar da na gano cewa a kasuwa biyan mutum ake yi ya yi surutu, a aji kuma dukansa ake yi. Tun daga nan nake dillancin shanu a kasuwarmu, har furfura ta cinye min gemu. A kara ba wanda ya san sunana na yanka, Dakta ake ce min. Duk bijimin da ya saki kunne ranar lodi, ni ake kira in soka masa allurar nan mai kalar manja, ya miƙe ya kai Kudu da ƙafarsa. Mutane ma ban bar su ba. Aljihuna ba ya rabo da kafso, musamman ja da yalo. Cikinka ya ruɗe, in fasa maka biyu a lemo. Ka yanke, in barbaɗa maka. Yadda wasu ke raba goro haka nake raba shi, kuma ban taɓa barin mutum ya shanye kati guda ba. Da ya ji sauƙi sai in karɓe ragowar in ajiye wa na gaba, don a ganina shanyewa almubazzaranci ne.

Wanda na kai Masar ɗan farina ne. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya nuna ya san yana duniya. Don haka ko a nan zan kira shi da abin da kasuwa ke kiransa, Direba. Tirelar shanu yake ja zuwa Kudu, yana da mata da 'ya'ya. Motar ta kwanta da shi a hanya, ƙafar hagu ta karye ƙasa da gwiwa, ƙafar kuloci ke nan, wadda yake ci da ita. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka sa ƙarfe, ƙashi ya ƙi haɗuwa. Wani ɗan rami ya buɗe a ƙwaurin yana tsiyayar mugunya, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ramin na nan. A ƙarshe wani likita a babban asibiti ya zaunar da ni ya ce ƙwayar cutar da ke cikin ƙashin ta haddace duk maganin da suke da shi, yankewa ce ta rage. Da ya ga fuskata sai ya ƙara da cewa akwai wata malama a Alƙahira, rubuce-rubucenta suke karantawa a kan irin waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai, in akwai mai dabara a duniya ita ce. Ni kuwa abin da kunnena ya ɗauka shi ne: akwai wata mata a Masar mai allurar da ta fi tawa.

Abin da aka sayar da yadda aka yi bankwana ba shi ne labarin ba. Labarin ya fara ne a filin jirgin Alƙahira, inda sanyi ya mare ni kamar na zagi uwarsa. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Mudi ne ya tarbe mu, an haɗa mu da shi ta waya tun daga gida. Yana sanye da rigar fata, Larabci a bakinsa kamar a ciki aka yanke masa cibi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi jakata, ya ce, "Baba, an gama komai. Daktora tana jiranku."

Jama'a, ni da na shekara ina gane saniya mai ciwo daga yadda take kaɗa wutsiya, ni aka saya aka sayar ban ji ƙarar tafin ciniki ba. Ya kama mana ɗaki a saman wani dogon bene da na'urar hawansa ta mutu, Direba na jan sanduna matakala bayan matakala, ni ina bayansa ina haki, ina yi kamar ban ga yadda zufa ke zubo masa a cikin wannan sanyi ba. Kashegari ya kai mu wani asibiti a saman shagon takalma. Wata mata ta fito, jibgegiya, hannu cike da awarwaron zinare, ta ce min "ya Hajj." A Masar duk mai furfura Alhaji ne, na samu Alhajin da ban biya kujera ba. Mudi ya ce, "Ga Daktora." Na ce a raina, lalle wannan ta yi kama da mai ilimi, dubi wuyanta.

Kullum sai ta rataya wa Direba ruwa mai launi, yau rawaya, gobe ja-ja. In na tambayi yaushe ramin zai rufe sai ta yi murmushi ta ce "bukra," wato gobe. Na ji bukra har na fara zaton sunan maganin ke nan. Ramin kuwa bai san da zuwanmu Masar ba.

A waɗannan kwanakin ne kewar gida ta kama ni. Ban san cewa jikina ya san Laraba ba sai a can. Ranar kasuwarmu ke nan. Tun asuba sai in farka ina jiran kukan shanu da hargowar 'yan lodi, sai in ji hon ɗin motoci kawai. In tsaya a taga in ga birni har iyakar gani, ba bishiya, ba ko akuya. Burodinsu faffaɗa ne kamar faifai, wakensu an dama shi kamar an tauna maka. Matar maigadin benen, wata tsohuwa mai ciwon ƙafa ita ma, ta ga yadda muke hawa da sauka, sai ta fara aiko mana da romon wani ɗan wake ja a kwanon silba, da lemon tsami a gefe. Ba ta taɓa ce min komai ba, in mun haɗu sai ta nuna sama da yatsa ta dafa ƙirji. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Ranar wata Juma'a, bayan an idar, ina neman takalmina a ƙofar masallaci sai na ji wani yana faɗa a waya da Barbarci. Wallahi da na ji muryar mahaifiyata ba zan fi haka juyawa ba. Dattijo ne siriri da tsagen Barebari, da buhun turaren wuta a kafaɗa. Na tare shi da gaisuwarsu, "wushe" ɗin da na koya a bakin matata, ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Hausa, "Wannan wushen na Potiskum ne, ya sha Bolanci." Malam Goni ke nan. Karatu ya kawo shi tun yana saurayi, karatun ya ƙare, komawa ta gagara, ya zauna yana sayar da turare. Ya ja ni wurin mai shayi na zayyana masa komai.

Da na ambaci shagon takalma sai ya fashe da dariya. Da na ambaci ƙafar sai dariyar ta tsaya. Ya danna wayarsa ya miƙo min. Hoton wata 'yar tsohuwa ce ramammiya da tabarau, ba ko ɗan kunne.

"Wannan ce matar da aka aiko ka wurinta, Alhaji. Kuma ita ba ta duba marasa lafiya. Ƙwayoyin cuta take dubawa."

"To wa ke duba mutanen?"

"Likitoci. Ita kuma ta gaya wa likitocin abin da za su yi."

Na kira Mudi a gabansa. Waya a kashe. Har na bar Masar a kashe take.

Goni ne ya ajiye buhunsa ya yi ta yawo da mu ofis ofis har aka karɓe mu a babban asibitin koyarwa inda matar take. A hanya na tambaye shi yadda za a yi mutumin da bai iya soka allura ba ya zama babba a harkar magani. Ya ce in tuna yadda malamai ke kawo magana su ce wane ya ji daga wane. Haka likitoci suke. In wani a wata ƙasa zai rubuta yadda ake ba da magani kaza, sai ya ce, kamar yadda wance ta gwada ta gani. Wani ya ɗauka daga wurinsa, shi ma ya ambace ta. Har maganar ta iso kunnen likitan da ya zaunar da ni a gida. Na ce, "A'a, na gane. Kamar a kara ne, in babban dillali ya taya sa, kowa da tayinsa yake kafa hujja, ko da shi yana gida yana barci." Goni ya ce, "To ka ga, ashe aji ukun bai tafi a banza ba."

Likitan ƙashi ya buɗe ƙafar ya daɗe yana kallo, ya ɗauki hoto, ya yi waya. Da ya dawo ya yi magana, Goni ya juya min.

"Ya ce sun yi shawara da Daktora. Daga yau a daina ba shi kowane irin maganin kashe ƙwayar cuta. Ku koma masauki, a riƙa wanke ciwon kawai, sai jikinsa ya tsane daga magani. Sannan su ɗebo daga cikin ƙashin su shuka, su ga wace ce, su ga me ke kashe ta."

"Su shuka? Gero ne?"

"Haka ya ce. Ya ce in akwai magani a jininsa ƙwayar za ta laɓe, ba za ta fito ba."

"Malam Goni, tambaye shi da kyau. Ba komai za su ba shi?"

"Sai na rage zafi. Ya ce in zazzaɓi ya taso ku zo da gudu."

Direba na zaune yana ji, ya ce "to." Ni ban ce to ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Jiya an cuce ni da ruwa mai launi, yau kuma ana so a cuce ni da babu.

Da yamma uwarsa ta kira. Matata Ya Falmata ba ta gaisuwa mai tsawo in ranta na tafasa.

"Malam, me suka ba shi yau?"

"Ba su ba shi komai ba. Sun ce a dakata."

"Ba komai? Ba komai ka kai shi Masar? Ai ba komai akwai shi a nan Potiskum, ko kuɗin mota ba sai an biya ba."

Kashegari ta sake kira, da wannan tambayar. 'Yan kara ma suka yi ta kira, kowa da shawararsa, ɗaya har cewa ya yi, "Dakta, kai da kanka kana zaune ana wasa da ƙafar yaro?" Ni kuma ina kallon bandeji yana jiƙewa, warin yana cika ɗakin. A wurinmu ko maƙwabci ka je dubawa ba ka zuwa hannu rabbana. Ga ɗana a gabana, ga ƙullin kuka a ƙasan jaka, na san abin da ke cikinsa. Na daure kwana biyu ko uku. Rannan da safe na kunna murhun gas ɗin da Goni ya koya min kunnawa, na dafa shayi, na juya baya na fasa kafso a kofi, ja da yalo da wani mai tsada da mai kemis ɗin bakin kasuwa ya rantse min da shi. Na labta sukari yadda Masarawa ke yi, har cokali ya kusa tsayawa. Na ajiye a gefen katifarsa na ce, "Ga shayi nan," ina kallon bango. Ya shanye. Na yi haka safe da yamma har ranar da aka kira mu. Kuma ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na ji ni mutum ne. Da Ya Falmata ta kira na ce mata ana nan ana ba shi wani abu.

Aka shiga da shi aka ɗebo abin da za a ɗebo. Muka jira. Sai aka aiko cewa Daktora na son ganin uban mara lafiya, shi kaɗai da tafinta.

Ɗakinta a can ƙasan gini yake, yana warin romon da ya kwana. Na same ta ta fi hotonta ƙanƙanta, da takalmin roba irin na masu shara, 'yan makaranta masu fararen riguna suna kauce mata a hanya kamar ta ɗauko wuta. Ta ba ni kujera, ta ajiye wasu 'yan faya-fayen roba a gabana, kowanne da wani abu a daskare a ciki kamar kamu. Ta nuna na farko, fes, ba komai. Ta yi magana a hankali, Goni na juyawa.

"Ta ce wannan daga ƙashin ɗanka ne. Ciwo na zubar da mugunya, amma ba abin da ya tsiro. Ta ce hakan ya ba ta mamaki, sai ta sa aka karɓi fitsarinsa."

Ta turo na biyu. Wannan ya cika da wani farin abu kamar furfura, sai tsakiyarsa da'ira guda wayam.

"Ta ce wannan wata ƙwaya ce mara ƙarfi da suke kiwo don gwaji. Ta ɗiga fitsarin ɗanka a tsakiya, ga shi ya kashe ta. Ta ce fitsarin mutumin da ba ya shan magani ba ya yin haka. Tana tambaya, ya Hajj, wa ke ba shi?"

Na taɓa rantsuwa a kan saniya mai tari cewa ƙura ce ta shaƙa, ban ƙifta ido ba. Amma ban san yadda ake yi wa faifai ƙarya ba. Na ce ni ne. Na jira ta yi faɗa, na ma shirya amsa. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta murza idanunta, ta ce in kawo mata abin da nake ba shi, duka.

Na kawo ƙullin na zazzage a kan farin teburinta, kafso suka yi ta gangarawa, garin kuka ya tashi ya sa ɗaya daga cikin ɗalibanta atishawa. Ta dangwali koren garin ta shinshina ta tambayi wane magani ne wannan kuma. Na ce wannan miya ce, shi kaɗai ne mara laifi a cikinsu. Ta yi dariya, sau ɗaya ke nan na ga haƙoranta. Sannan ta ware su kashi kashi da bakin biro, tana kiran sunan kowanne kamar 'ya'yan maƙwabta. Ta tambayi sana'ata. Da ta ji shanu sai ta jawo kujera kusa. Me muke soka musu? Sau nawa? Kwana nawa tsakanin allura da yanka? Nonon wadda aka yi wa allura ana sha? Ni kuwa an taɓo inda na iya, na gyara zama na shiga bayani har da kwatance da hannu, ina jin daɗi ga babbar malama tana sauraren Dakta. Sai da na kai tsakiya na lura Goni ya rage murya, ita kuma fuskarta ta koma irin ta mai jin labarin gobara. Na katse bayanin da kaina.

Ta ce maganina bai isa ya kashe abin da ke cikin ƙashin ba, ya dai sa shi ya noƙe. Duk ƙwayar da aka ba magani bai gama da ita ba, darasi aka ba ta. Yanzu sai an sake jira daga farko, kuma ba ta son yadda ƙafar ke kumbura.

Wannan karon kwantar da shi suka yi, aka hana ni shiga da ko ruwa. Na roƙi Goni kada a gaya wa Direba dalili, a ce masa gwajin ne bai yi ba. Wannan jiran shi ne tafiyar gaske, duk sauran yawo ne. Na taka daga Fika zuwa Potiskum da shanu a ƙuruciya, ban gaji kamar yadda na gaji a kan bencin barandar nan ba. Hannuna ya yi ta shiga aljihu yana fitowa wayam. A gefena akwai wani manomi daga kudancin ƙasarsu, baƙi kamar ni, da rawani, matarsa na ciki. Kullum sai ya ɓare burodinsa biyu ya ɗora min albasa da wani cuku mai gishiri. Ba ya jin nawa, ba na jin nasa. Rannan na yi masa kukan sa don ya san sana'ata, ya zabura ya yi min kukan ɓaunar da suke kiwo a can, muka yi ta gwada tsawon ƙaho da hannu har ma'aikaciya ta leƙo ta tsawata mana. Wata safiya na zo na tarar ba ya nan, gadon matar an sauya masa zani. Ban sami wanda zan tambaya ba.

Jiran bai kai ƙarshe ba zazzaɓi ya taso. Na leƙa ta gilashi na ga Direba yana karkarwa har gadon na motsi, jan kumburin ya hauro yana neman gwiwa. Suka ce ba sauran jira, suka shiga da shi. Allah Ya sa abin da ya tsane ya isa, wannan karon ƙwayar ta tsiro. Daktora ta sake kirana ta nuna min. Faifan ya cika, an jera wasu 'yan fararen takardu ƙanana a kai kamar maɓallai, kowanne da maganinsa. Ƙwayar ta bi ta kansu duka ta mamaye, kamar shanun da suka gane sandar makiyayi ta kara ce. Ta nuna ɗaya ta ce wannan ɗan'uwan ja da yalo ne. Ban ɗaga kai ba.

Magani ɗaya ya rage, in ji ta, wani tsoho da likitoci suka taɓa yarwa don yana cin ƙoda. A kan sa ta ƙarar da ƙuruciyarta: nawa za a ba mutum, a wane tsakani, da wane za a haɗa shi, don ya riga kashe ƙwayar kafin ya kashe ƙodar. Abin da likitocin duniya ke ambaton sunanta a kai ke nan. Kullum a ɗebi jinin Direba a kai mata ƙasa, ita ta aiko a ƙara ko a rage. Ba ta taɓa riƙe hannunsa ba, ban ma tabbata ta san fuskarsa ba, amma zazzaɓin ya sauka, kumburin ya ja da baya ya bar gwiwa.

Sai dai ƙashin da ke ƙasa ya riga ya mutu. Likitan ƙashi ya ce magani ba ya zuwa inda jini ba ya zuwa. In aka bar shi, ƙwayar za ta zauna a ciki ta jira, ranar da ta dawo kuma ba sauran abin da za a tare ta da shi. Gwiwa za ta tsira, abin da ke ƙasanta ba zai tsira ba. Direba ya saurara har ƙarshe ya ce, "A yi." Ni na fita na rasa inda zan je, na shiga banɗaki na kunna famfo.

Bayan an yi, na sauka wurinta ba tare da an kira ni ba, na ja Goni. Na ce ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, da ban yi abin da na yi ba, da ƙafar ta tsira? Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila ƙashin ya mutu tun kafin mu hau jirgi. Wataƙila makonnin nan da aka rasa su ne. Ta ce ita aikinta ba ta faɗin abin da ba ta gwada ba, kuma wannan ba ya gwaduwa. Na so ta zage ni ko ta wanke ni, ko wanne zan iya ɗauka in kai gida. Ta bar ni da ban sani ba.

Kafin in fita ta nemi izini ta ajiye ƙwayar a cikin ƙanƙara, ta ce irinta ba ta taɓa zuwa mata daga yankinmu ba, za ta yi rubutu a kanta don likitocinmu su san abin da ke tafe. Ba za a sa sunan kowa ba, sai dai garin. Na ce ta ajiye, ba ma buƙatarta. Ka ga ikon Allah, ni aji uku ya gagare ni, ga abin da na yi kiwo a gidana zai shiga littafin manya.

Ya Falmata da na gaya mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Yana da rai?" Na ce yana da rai. Ta ce, "To ku dawo." Ban gaya mata zancen shayi ba, sai yanzu da za a karanta mata wannan.

Ana saura kaɗan mu taho, aka fara fito da Direba tsakar asibitin yana koyon sanduna, wando ɗaya a naɗe an soke shi da fil. Rana ce mai daɗi, irin wadda ba ta ƙuna. Ya gaji ya zo ya zauna a kan bencin da nake, ba wani bencin, kuma ban tashi ba. Tunda aka haife shi ba mu taɓa zama kusa haka ba. Ya ce in an sa masa ta roba wataƙila ya iya jan ƙaramar mota, irin wadda ba ta da kuloci. Na ce wataƙila. Muka bi da kallon wata kyanwa tana bin inuwa. Na ji in ban faɗa a nan ba, a Potiskum ba zan taɓa iyawa ba, can akwai ido. Na gyara murya na ce, "Direba, gwajin nan na farko da bai yi ba, akwai abin da ba a gaya maka ba. Shayin nan da nake..."

Bai bari na ƙarasa ba, bai kuma dube ni ba. Ya faɗi magana ɗaya. Mun hau jirgi, mun iso gida, an yi ta zuwa jaje, yanzu har ya fara fita da ƙafar robarsa, ni dai har yau ban samo abin da zan ce masa ba. Cewa ya yi:

"Baba, tun kurɓar farko na ji ɗacin. Amma tunda nake, ba ka taɓa haɗa min shayi da hannunka ba."